Bishiyar Marga: Yadda Ake Renonta Daga Iri Har Zuwa Dashe

Marga, wadda a wasu wurare ake kira malga ko gama-faɗa, tana daga cikin itatuwan ƙasarmu na asali waɗanda suka fi kyan fure. Masana tsirrai suna kiranta Cassia sieberiana, sunan da masanin nan De Candolle na ƙasar Suwizalan ya raɗa mata a shekarar 1825. Tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal, ta ratso Mali da Burkina Faso da kudancin Nijar da arewacin Nijeriya, har zuwa Sudan da Yuganda. Likitan nan J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, ya nuna cewa gama-faɗa ake ce mata a Kano, marga kuwa a Sakkwato da Gobir.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji a ƙarshen rani ya san ta ko da bai san sunanta ba. A lokacin da ciyawa ta bushe, galibin itatuwa sun zubar da ganye, ƙasa ta yi fari fat saboda ƙura, sai a hangi wata bishiya ta lulluɓe da furanni masu launin ruwan ɗorawa suna reto daga rassanta. Tana yin wannan fure ne tsakanin Fabrairu da Mayu, gwargwadon yanki, wato daidai lokacin da ido ba ya samun wani abin kallo a karkara. Wannan ne ya sa muke ganin ta cancanci a dasa ta a makarantu, da asibitoci, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da ƙofar fadar hakimai da dagatai, da gefen hanyoyin shiga gari. Irinta kyauta ne a daji. Abin da yake hana mutane cin nasarar renonta shi ne rashin sanin halin irin, da kuma sakaci da dashen bayan an gama bikin dasawa.

Yadda ake gane ta

A yankinmu marga ba ta cika yin tsawo sosai ba, ko da yake a wuri mai danshi takan wuce mita 10. Gindinta gajere ne, sau da yawa a karkace, ɓawonta yakan yi duhu ya tsattsage idan ta tsufa, rassanta kuma sukan sunkuyo ƙasa. Ganyenta jeri biyu ne na ƙananan ganyayyaki a jikin sili ɗaya, suna fuskantar juna. Furannin suna fitowa ne a dogayen zangarniyoyi masu rataye, kowane fure da kunnuwa biyar. Bayan fure sai ta yi 'ya'ya dogaye kamar sanda, zagayayyu, kaurin yatsa, waɗanda tsawonsu kan kai santimita 40 zuwa 80. Idan sun nuna sukan yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma ba sa fashewa da kansu. In an karya ɗaya za a ga an raba cikinsa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ƙwayar iri guda mai santsi da sheƙi.

Ya kamata mai neman iri ya lura da waɗannan alamomi, domin akwai itatuwan da ake rikita su da ita. Runhu ma yana da fure ruwan ɗorawa, amma shi ƙaramin itace ne, furensa a dunƙule yake a ƙarshen reshe, ba ya reto. Akwai kuma kesiya wadda ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna dasawa a gefen tituna. Ita asalinta daga kudu maso gabashin Asiya take, furenta sama yake kallo, 'ya'yanta kuma faffaɗa ne. Bugu da ƙari, sunan gama-faɗa a wasu garuruwa ana ba wata bishiya daban wadda 'ya'yanta ke da guba. Saboda haka kada a dogara da suna kawai. Hanya mafi aminci ita ce mutum ya shaida bishiyar tun tana cikin fure, ya sa mata alama, sannan ya dawo ɗibar iri idan 'ya'yan sun bushe.

Dalilin jawo hankali gare ta

Tun daga lokacin da aka shigo da darbejiya ƙasar Borno a 1928, ita ce ta mamaye aikin dashen itatuwa a arewacin ƙasar nan, musamman bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da gwamnatoci suka tashi haiƙan wajen yaƙi da gurgusowar hamada. Ba mu raina darbejiya ba. Ta ba da inuwa a garuruwan da ba su da ko ɗaya, kuma tana jure abin da itatuwa da yawa ba sa jurewa. Sai dai sauƙin renonta ya sa wuraren renon itatuwa da dama suka manta da itatuwan gida, har ta kai yaro zai iya gama firamare a ƙauye bai taɓa ganin marga cikin fure ba. A daji kuwa tana raguwa, saboda faɗaɗa gonaki, da saran itacen girki, da gobarar daji, da masu haƙar saiwarta da sassaƙar ɓawonta domin magani.

Shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na arewa, ya ƙara jawo hankali ga itatuwan da suka saba da ƙasarmu. Marga na cikin irin waɗannan. Tana rayuwa a ƙasa mai tsakuwa da marmara inda amfanin gona ba ya yin kirki, ana kuma yawan ganinta a gindin tsohon suri da gefen rafi. Ƙudan zuma na son furenta, abin da masu amya za su yi maraba da shi. Itacenta na da ƙarfi, gara ba ta cika cin sa ba, shi ya sa ake yin taɓarya da ƙota da shi. Amma manomi ya sani cewa, ko da yake danginsu ɗaya da gawo, ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gawo ke yi. Wurinta gefen gona ne ko iyaka, ko harabar gida da makaranta.

Tattara iri da adana shi

A lokacin rani ake samun busassun 'ya'yan marga, kuma sukan daɗe rataye a jikin bishiya. An fi so a tsinko su daga sama da ƙugiya, domin waɗanda suka kwana biyu a ƙasa galibi ƙwari sun riga sun shige su. Idan aka girgiza busasshen ɗa aka ji ƙwayoyin na motsi a ciki, to ya nuna. Kada a tara iri daga bishiya ɗaya tak. Ma'aikatan gandun daji sun fi son a ɗebo daga bishiyoyi goma ko fiye, masu lafiya, waɗanda ke nesa da juna, domin idan dukkan dashe 'ya'yan uwa ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama sauran.

Ana sa 'ya'yan a buhu a bubbuga da sanda, ko a daka su sama-sama a turmi, sannan a sheƙe a tsince ƙwayoyin. A duba kowace ƙwaya. Wadda aka ga ɗan rami zagayayye a jikinta, irin wanda ƙwaro ke yi wa wake, a jefar da ita. Haka ma wadda ta motse ko ta fashe. Idan irin na da yawa, sai a zuba shi cikin ruwan sanyi, a kwashe wanda ya taso sama a zubar, a tsame sauran nan take a shanya a inuwa. Irin da ya bushe sosai, in aka gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka aka rufe cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, aka ajiye a ɗaki mai sanyi, yana wuce shekara bai lalace ba. A rubuta sunan garin da aka samo shi da ranar a jikin mazubin.

Ɓawon iri: inda aka fi samun matsala

Mutane da yawa sukan shuka irin marga kamar yadda ake shuka wake, su yi ta ban-ruwa mako uku ko wata guda, ba su ga komai ba, sai su ce irin ya mutu. Irin bai mutu ba. Ɓawonsa ne yake da tauri har ruwa ba ya ratsa shi, kuma muddin ruwa bai shiga ba, ƙwayar ba za ta motsa ba. Wannan tsari ne da ke kare bishiyar a daji. Da a ce duk irin zai tsiro da yayyafin farko na bazara, to da zarar ruwa ya ɗauke na mako biyu sai su ƙone gaba ɗaya. Saboda taurin ɓawon, sai su riƙa tsirowa kaɗan-kaɗan, wasu bana, wasu baɗi, bayan zafin rana da gogayyar yashi da ƙwari sun cinye ɓawon, ko bayan sun bi ta cikin shanu sun fito a kashi. Mai reno ba zai iya jiran wannan ba, don haka dole ya buɗe wa ruwa hanya da kansa.

Hanya ta farko, wadda muka fi amincewa da ita ga mai renon ɗari ko ɗari biyu, ita ce yi wa kowace ƙwaya ɗan rauni. Ana amfani da abin yankan farce a ɗan gutsure gefen ɓawon, ko a goga ƙwayar a kan magagari, ko samfefa, ko dutse mai kaushi, har sai an hango launi mai haske daga ciki. Da zarar an hango shi sai a tsaya. A jikin kowace ƙwaya akwai ɗan tabo a wajen da ya fi tsini, inda take manne da uwarta. Ta nan saiwa ke fitowa, don haka a yi raunin a ɗaya ɓangaren. Bayan haka sai a jiƙa irin a ruwan sanyi ya kwana. Aikin na cin lokaci, amma ɗaliban aji ɗaya za su iya gama ƙwaya ɗari biyar a zama guda idan malami na kula da su.

Hanya ta biyu ita ce ruwan zafi, kuma ta fi dacewa da iri mai yawa. A tafasa ruwan da ya ninka irin sau biyar ko fiye, a sauke tukunyar daga wuta, a zuba irin a ciki, a bar shi ya huce tare da ruwan har tsawon sa'a 12 zuwa 24. Muna jaddada cewa sai an sauke tukunyar. Wanda ya bar iri yana tafasa a kan murhu dafa shi ya yi. Wannan hanya ba ta kai ta farko tabbas ba, domin taurin ɓawo ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Shawararmu ita ce a fara gwadawa da ƙwaya 20 kafin a zuba duka.

Ko wace hanya aka bi, alamar nasara ɗaya ce: washegari ƙwayar za ta kumbura ta kusan ninka girmanta, ta yi laushi. Waɗanda suka kumbura a shuka su a ranar, domin idan suka sake bushewa sun lalace. Waɗanda ba su kumbura ba a tsince su, a yi musu rauni da hannu, a sake jiƙawa. Kada a bar iri cikin ruwa fiye da yini da kwana, sai ya fara tsami.

A cibiyoyin bincike ana jiƙa irin a ruwan asid mai ƙarfi na ɗan lokaci sannan a wanke. Hanya ce mai aiki, amma ta masu kayan kariya ce. Ruwan batir da ake sayarwa a kasuwa ba shi ne ake nufi ba, kuma yana ƙona hannu da ido. Ba ma ba kowa shawarar gwada wannan a gida ko a makaranta.

Wurin reno

A lissafa lokacin shuka daga ranar da ake son dasawa. Tunda dashe na buƙatar wata uku zuwa huɗu a wurin reno, kuma ana son dasawa sa'ad da damina ta kankama, to a galibin yankinmu Maris ko farkon Afrilu ne lokacin shuka iri. Wannan kuwa shi ne lokacin da ruwa ya fi wuya, don haka wurin reno ya kasance kusa da rijiya ko famfo, a kuma kewaye shi da shinge tun kafin a jera leda ɗaya.

Ƙasar da ake cika leda da ita a haɗa ta kamar haka: kashi biyu na ƙasar saman gona, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sosai har ya daina wari da zafi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kawo gwazarma. Baƙar ledar reno mai tsawon kamar santimita 20 ta fi, domin marga na da doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa. Inda babu, ana iya amfani da ledar ruwan sha ko gwangwanin madara, muddin an huda ƙasansu, amma sai a gaggauta dashe tunda ba su da zurfi. A jiƙa ƙasar tun daren jiya, a shuka ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 1 zuwa 2. Irin da aka binne da zurfi yakan ruɓe kafin ya huda ƙasa.

A yi wa ledojin rumfar kara ko ta zana mai barin haske ya ɗan ratso. Ana ba da ruwa safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji, yadda ƙasa za ta kasance da danshi ba tare da ta yi caɓi ba. Irin da aka gyara da kyau yakan fara tsirowa cikin mako ɗaya zuwa uku. Idan duka biyun sun fito, a bar mai ƙarfi, a cire ɗayan a mayar da shi ledar da ba ta tsiro ba, da yamma, tun yana da ganye biyu zuwa huɗu. Idan aka ga ƙananan tsirrai suna ruɓewa daga wuya suna faɗuwa, ruwa ne ya yi yawa ko inuwa ta yi duhu. Sai a rage ruwan, a buɗe rumfar, a fitar da waɗanda suka kamu.

Akwai wani ɗan aiki da ake yawan mantawa da shi. Saiwar marga takan huda ƙasan leda ta shige ƙasa, kuma idan aka bar ta har ranar dashe, sai an tsinke ta da ƙarfi, tsiron ya yi yaushi ya mutu a rami. Maganinsa shi ne a riƙa ɗaga kowace leda ana gusar da ita duk bayan mako biyu, a datse saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi, a ba da ruwa nan take. Sannan idan ya rage mako uku a dasa, a riƙa janye rumfar a hankali ana rage ruwa, domin tsiron ya saba da rana. Gajeren dashe mai kaurin jiki, wanda ya kai santimita 20 zuwa 30, ya fi dogo siriri da ya tashi a inuwa.

Wanda ba shi da halin reno a leda yana iya shuka irin kai tsaye a inda yake son bishiyar. A haƙa rami a cika shi kamar na dashe, a shuka ƙwaya uku da aka gyara bayan an yi ruwa mai ƙarfi, daga baya a bar guda. Saiwar ba ta samun tangarɗa ta wannan hanya, sai dai ɓera da kurege da fara da ciyawa sukan yi ɓarna. Haka kuma, inda akwai tsohon kututturen marga yana toho a gona ko a fili, to kare shi ya fi saurin ba da bishiya a kan kowane iri. A zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a sare sauran. Wannan ita ce dabarar da manoman jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar suka runguma tun shekarun 1980, wadda suke kira sassabin zamani.

Dashe

Ana dasawa ne bayan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu har zurfin kamu ɗaya. A arewacin jihohinmu wannan kan kasance daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Dashen da aka yi a ƙarshen Agusta ko Satumba, saboda ana jiran ranar da babban baƙo zai samu zuwa, ba shi da isasshen lokacin kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Idan ya zama dole a yi biki a makare, to a dasa sauran a kan kari, a ajiye ɗaya ko biyu domin bikin.

A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin 50, a ware ƙasar sama daban. A marmara a ƙara zurfi, a farfasa ƙasan ramin da diga. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kamar kwano biyu a mayar. A yanke gindin leda, a tsaga gefenta, a cire ta gaba ɗaya ba tare da dunƙulen ƙasar ya watse ba. Wuyan tsiron ya yi daidai da bakin ƙasa kamar yadda yake a leda. A danne da ƙafa, a yi masa ɗan kwano na riƙe ruwa, a wuri mai gangare kuma a yi masa kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren ƙasa. Yamma ta fi dacewa, ko ranar da akwai hadari. A bar taku takwas zuwa goma tsakanin bishiya da bishiya, a nisanci katanga da rijiya da ƙarƙashin wayar lantarki. Marga ba ta son inda ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki.

Kafin a haƙa rami a filin da ba na hukuma ba, a zauna da mai filin da mai unguwa a daidaita wanda zai mallaki bishiyar. Itacen da aka dasa a kan iyakar da ake jayayya a kanta ba ya daɗewa.

Rani biyu na farko

Mafi yawan dashen da ke mutuwa a tsakanin Nuwamba da Mayu yake mutuwa, kuma abin da ke kashe shi sananne ne. Da an gama girbi aka saki dabbobi, duk wani koren ganye da ke fili abincin awaki ne. Saboda haka kariya ta rigayi dashe, ko su zo rana ɗaya. Ana iya kewaye kowane tsiro da ƙayar magarya ko ta farar ƙaya, ko saƙaƙƙen kwando marar gindi da aka kafe da turaku, ko bulo da aka jera da ƙofofin shan iska, ko ragar waya inda akwai hali. Tsayin kariyar ya kai ƙirjin babban mutum, domin akuya na miƙewa a kan ƙafafunta na baya. A riƙa duba shingen ƙaya, saboda iska na kwashe shi, masu neman makamashi ma na zarewa.

Game da ruwa, bokiti ɗaya sau biyu a mako a ranin farko ya fi yayyafin kullum, domin ruwa mai yawa a lokaci guda yana jan saiwa zuwa ƙasa. Inda ruwa ke da nisa, a binne ƙaramin tulu marar fenti kusa da tsiron har wuya, a riƙa cika shi ana rufe bakinsa, sai ya riƙa tsattsafo da ruwa a hankali. A rani na biyu ana iya ragewa zuwa sau ɗaya a mako, daga nan kuma bishiyar kan riƙe kanta. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayen gindi na rage bushewar ƙasa, amma kada ta taɓa jikin tsiron, don tana jawo gara. Idan gara ta fara hawa, a karkare ginin da ta yi, a barbaɗa toka, a ƙara ruwa, tunda ta fi kama tsiron da ƙishirwa ta raunana. A share ciyawa taku biyu kewaye da kowane dashe kafin hunturu saboda gobara.

Kada a firgita idan aka ga tsiron ya zubar da ganye a tsakiyar rani, domin halinta ne. A ɗan kankare ɓawo da farce, idan cikin kore ne to yana da rai. Haka kuma marga ba ta da saurin darbejiya. A shekarun farko ƙarfinta ƙasa yake tafiya, kuma ba a shekara ɗaya ko biyu take fara fure ba. Wanda yake son ta yi gindi ɗaya miƙaƙƙe a gefen hanya sai ya kafa mata sanda, ya riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan a farkon damina, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyenta a lokaci guda.

Ko bayan ta girma akwai sauran haɗari guda. Marga sananniya ce wajen masu maganin gargajiya, ana amfani da saiwarta da ɓawonta da 'ya'yanta, musamman domin wanke ciki. Tana da ɗaci da ƙarfi, kuma yawanta na sa zawo mai tsanani wanda ke iya galabaitar da yaro ko mai juna biyu, don haka a hana ɗalibai tauna 'ya'yanta. Ta fuskar bishiyar kuwa, idan aka sassaƙe ɓawo ya zagaye gindi, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa ta yanke, bishiyar za ta bushe ko da shekarunta nawa. Ya dace masu unguwanni su sanar da jama'a cewa itatuwan da aka dasa a makaranta da asibiti da bakin hanya ba na sassaƙa ba ne. Inda buƙatar maganin ke da yawa, ana iya ware wa masu sana'ar wani fili su rena nasu.

Ga shugabannin sassan gona da gandun daji na ƙananan hukumomi, muna ba da shawarar cewa a cikin kasafin dashe, kuɗin kariya da ban-ruwa su fi na sayen tsirrai yawa. Dashe 200 da aka kare sun fi 2,000 da aka zuba a fili. Kowace bishiya a damƙa ta ga wani sananne, ko aji a makaranta, ko mai shago a bakin hanya, ko maigadin ofis, a rubuta sunansa a littafi tare da ranar dashe da garin da irin ya fito. Adadin da ya kamata a aika wa hedikwata shi ne na waɗanda aka ƙirga da rai a watan Mayu, kafin ruwan farko, sannan a cike gurbin waɗanda suka mutu a daminar da ta biyo baya. Saboda wannan cike gurbi, a riƙa reno da rarar kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ake bukata.

Masu neman ƙarin bayani ko taimakon gane bishiyar suna iya tuntuɓar malamin gandun daji na ƙaramar hukumarsu ko malamin gona na yankinsu. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, wadda hedikwatarta ke Ibadan, tana da tashar bincike a Samaru ta Zariya da wata a Kano, waɗanda aikinsu ya shafi itatuwan yankin arewa.